Tsayin Mota da Gwiwar Inna

Autanmu bai iya kwanciyar hankali ba. Tun yana yaro, in an aike shi sai ya dawo daga rabin hanya ya tambaya ko abin da aka ce ke nan. Yau ga shi da furfura a gemu, da mata da yara, yana yawon gyaran famfon burtsatse a ƙauyuka, amma in ya kulle ƙofa sai ya koma ya girgiza ta. Ni yayarsa ce, ni na goye shi, ba wanda zai hana ni faɗin abin da na gani.

Innarmu tana zaune a gidan gona, bayan wani rafi marar gada, kuma ta rantse ba za ta tashi ba. Da damina hanyar taɓo ce zalla, ga wani dutse a tsakiyar mashigar. A kan dutsen nan ƙasan tsohuwar jif ɗin Auta ya taɓa dafewa, tayoyi na juyawa a banza, ranar da ya ɗauko Baba ba lafiya. Kafin a sami masu turi, Baba ya cika a kujerar baya. Auta bai taɓa yi mini zancen ranar ba. Amma da likita ya ce bana dole a riƙa kai Inna asibiti duk mako saboda zuciyarta, sai ya daina cin abincin kirki, ya tare a gareji.

Na bi shi rana ɗaya. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin motar yana share hannu da tsumma.

"Inci huɗu za mu ɗaga ta, maigida. Sabon sifirin, sabuwar shokozoba. Masu tirela ma sai sun gaishe ka."

Mai taya ya mirgino wata ƙatuwa mai haƙora kamar na kada. "Ka sa mata wannan, ko bango sai ta hau."

"Ba za ta kife a kwana ba?" in ji Auta. "Da yara fa a ciki."

"Sai in ka yi gudu. Kai kuwa ko mai keke wuce ka yake yi."

Suka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Birki zai riƙe? Tayar ba za ta goge jikin motar ba in ya murɗa sitiyari? Kowace amsa sai ta haifi wata tambayar.

Na ce, "To Inna fa, ta ina za ta hau?"

Suka dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Bakanike ya ce, "Hajiya, wannan zancen ƙarfe ne." Zancen ƙarfe! Sun auna taya, sun auna sifirin, ba wanda ya tuna tsohuwar da ake yin abin dominta. Auta ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, bari mu tsallake dutsen tukuna."

Ranar asibiti muka tafi ɗauko ta. Motar ta wuce dutsen ko shafarsa ba ta yi ba, na ga haƙoran Auta a waje. Inna ta fito da sandarta, ta tsaya a ƙofar mota. Wurin taka ƙafa ya kai mata cinya. Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Muka kawo 'yar kujera, ta nutse a yashi ta karkace. Sai Auta ya sunkuya zai ɗauke ta.

"Sauke hannunka," in ji Inna. "Ubanku kuka ɗauka kuka sa a nan. Ni da ƙafata zan shiga, ko in zauna."

Ta juya ta koma ɗaki. Ba rarrashin da ban yi ba. Asibiti ya wuce mu, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na so in wanke shi tas, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye rabi. In ya sauke motar, dutse na jiransa. In ya bar ta haka, Inna ba za ta hau ba. Washegari ya koma gidan gona da tef ɗin awonsa na aiki. Ya roƙi Inna ta taka dokin ƙofa, ta taka bulo, har ya gane iyakar inda gwiwarta ke kaiwa, tana zaginsa yana aunawa. Ya naɗe wando ya shiga rafi ya auna dutsen.

Ya sa aka sauke motar zuwa inci biyu, ya mayar da ƙatuwar tayar ya ɗauki madaidaiciya mai haƙora, mai walda kuma ya yi matakala da ake naɗewa. Bakanike ya ce an mayar da ingarma jaki. Na ce jakin ai yana kai kaya gida.

Mako ya zagayo, an kwana ana ruwa. Inna ta taka matakalar, ta huta, ta kama kafaɗata, ta shiga da ƙafarta. Da muka iso rafi, ruwa ja wur, dutsen ba ya ganuwa. Auta ya taka birki ya tsaya.

"Mu je," in ji Inna.

Muka shiga. A tsakiya wani abu ya yi ƙuu a ƙarƙashinmu, motar ta yi jim kamar mai shawara. Na rufe ido. Sai tayoyin suka ciji taɓo, muka fita.

Da muka hau tudu ya kashe mota, ya sauka, ya kwanta a laka yana leƙen cikinta.

Inna ta buga gilashi da sanda. "Ke, ce wa ƙanenki likita ba zai jira shi ya gama gaisawa da ƙarfe ba."