Abin da Tayar Baya ta Faɗa Mini

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, aka zo rumfata aka ce Dogo tela ya cika a asibiti. Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ina riƙe da tayar wani a lokacin. Na ajiye ta, ban sake taɓa aiki ba sai da aka kai shi.

Ni ban yi makaranta ba. Faɗa nake yi 'yata tana rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Dogo, shekara arba'in ina gyaran keke a bakin titin nan, ashirin daga ciki shagonka yana kallon rumfata. Kullum da safe sai ka leƙo ka ce, "Baba, an tashi lafiya? Ni da kai fa sana'armu ɗaya, faci." Daminar da iska ta yage mini tamfal, ban roƙe ka ba, na dai iske ka a kan benci da allura a baki kana ɗinkewa. Marayun layinmu kuwa ka sha yi musu kayan makaranta, ka ce wai ragowar yadi ne. Ban taɓa ganin ragowar yadi da ta isa yara shida ba.

Da ciwon daji ya ɗauke yayarka, sai ka shiga hawan keken da ake yi duk shekara don tallafa wa masu binciken maganinsa. Kilomita tamanin, a kan tsohon kekenka. Na ce maka shirme ne, yaushe keke ya taɓa kashe ciwo? Ka ce, "Keke ba ya kashe shi, Baba. Amma likitocin da ke neman maganin ba iska suke ci ba." Ban yarda ba, amma ni na riƙa shirya maka keken shekara bakwai. A bayan rigar hawanka kana ɗinka sunayen mutanen unguwa da ciwon ya kashe, kuma wurina kake zuwa tambaya, don ni ke riƙe da wanda ya mutu da shekarar da ya mutu. Da huɗu muka fara, muka kai ashirin da uku.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan.

Mai gyaran keke yana sanin nauyin mutum daga tayar baya. Kai mutum ne mai jiki, sai na cika tayarka tam kafin ta ɗauke ka. A watan Oktoban bara ka hau a gabana, na ga tayar ba ta lotsa ba. Na rage iska. Bayan mako uku na sake ragewa. Sai ka ce in ɗaga maka kan keken, wai sunkuyawa na damun ka. Na kama hannunka na ja ka bayan rumfa, na ɗaga rigarka. Ashe da kanka kake rage ƙugun wandunanka, kana ɗinka manyan riguna don kada a gani a gida.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ka ce, "Wata biyu. Ciki ne, har da jini. Baba, amana na ba ka. In na je asibiti yanzu za su hana ni hawa. Bari Fabrairu ta zo a yi, washegari da ƙafata zan je."

Na yi maka faɗa, na kira ka wawa. Sannan na ɗauki amanar. An san ni a titin nan da cewa ba a jin magana a bakina, kuma ina alfahari da hakan.

Sau biyu matarka tana zuwa rumfata. Ta ce, "Baba, ba ka ga kamar ya rame ba? Kai ne yake jin maganarka." Na ce mata, "Wahalar keke ce, 'yata, kwantar da hankalinki." Ina faɗa ina kallon sarƙar da nake shafa wa mai, don ban iya kallon ta ba.

Ranar hawan kai ne na ƙarshe. Motar da ke kwashe waɗanda suka gaza ta bi ka a baya kusan awa biyu, direban yana roƙon ka ka shigo, ka ƙi. Ka iso ana naɗe tutoci, leɓɓanka sun yi fari, sai da mutum biyu suka sauko da kai daga sirdi. Washegari ka cika alkawari. Likitan da ya duba ka, shekara bakwai kuna hawa kafaɗa da kafaɗa. Ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya kai hanta. Ya tambaye ka me ya hana ka zuwa tun farko, ka kalli bango.

Daga baya na tare shi a barandar asibiti na ce, da ya zo wata huɗu da suka wuce fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Bai ce da ka rayu ba, bai kuma ce da ba ka rayu ba. A tsakanin nan nake kwana nake tashi.

Kwana uku kafin rasuwarka ka riƙe yatsana ka ce, "Kada ka gaya mata ka sani." Dogo, wannan amanar ban ɗauka ba. Ta farko ta ishe ni.

Ke kuma matar Dogo, uwar 'ya'yansa, na sani tun Oktoba, kuma na yi miki ƙarya sau biyu. Na ji kina cewa laifinki ne, wai kina gida ɗaya da shi ba ki gane ba. Kin gane. Kin zo kin tambaya, ni na mayar da ke. Ki sauke wannan daga kanki, nawa ne. Ranar Juma'a da hantsi zan zo in tsaya a ƙofar gida. In kin ce in shigo, zan shigo. In ba ki ce ba, kina da gaskiya, zan koma.

Ina yi miki ta'aziyya, ke da yaran nan huɗu, da mahaifiyarsa da ciwo ɗaya ya raba ta da 'ya'ya biyu, da abokan hawansa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙan ka, Dogo, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka taurin kanka. Nawa kuma, Allah ya sa a yafe mini tun ina da rai.