Yaya, Tabar da Ba Ke Kika Kunna Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayata tana da shekara arba'in da shida. Zuciyarta ce ta tsaya tana kan kujerarta a ofis, wasiƙar da take bugawa ko rabi ba ta kai ba.

Yaya, na yarda da ƙaddara, amma ƙarya nake in na ce raina a kwance yake. Ba ki taɓa sa taba a bakinki ba, sai ga shi kin sha ta fiye da masu sayenta.

A ɗaki ɗaya muka tashi. Baba na bakin gado yana kunna wani kara da wutar wani, har farin labulenmu ya koma ruwan ƙasa. Da na fara tari sai ki goya ni ki kai ni tsakar gida, ke kuma ki koma ciki ki zuba masa shayi, ki kwashe toka. In Inna ta yi magana ya ce, "Ai ni nake sha, ba su ba." Har ya koma ga Allah yana ganin gaskiya ya faɗa.

Da kika samu aikin buga takardu a kamfanin sufuri mun ce kin huta. Ashe ɗaki ne mai taga ɗaya, inda direbobi ke zaman jiran takardar tafiya, kowa da nasa karan. Shekara ashirin da biyu kika yi a ciki. Ke ce mai cike wa wanda bai iya karatu ba fom, ke ce kika yi ta zirga-zirga har matar direban da ya rasu a hanya ta samu haƙƙinta. Su kuwa sai suka sa miki suna Buɗe-Taga, suna dariya. Sau uku kina rubuta wa manaja, amsarsa ɗaya: "Haba, ɗan hayaƙi ne, kunna fanka mana." Sanarwar hana shan taba da kika manna a bango, a jikinta wani ya kashe tabarsa.

Bara, da ciwon ƙirji ya matsa miki, ni na raka ki asibiti. Likita ya dubi hoton ya ce, "Kara nawa kike sha a rana?" Kika yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce jijiyoyin jininki sun yi kauri, sun yi tauri, hanyar ta ƙuntata, kuma hayaƙin da kike shaƙa tun kina ƙarama yana da hannu a ciki. A mota na ce ki bar aikin. Kika ce, "Auta, shekara biyu kawai zan ƙara in ajiye aikin. Kuma wa zai cike musu takardu?" Na yi shiru. Wannan shirun yana cina har yau.

Ranar sadakar uku direbobin sun zo, sun yi kuka na gaskiya. Suna gama addu'a suka tsaya a ƙofar gida suka kunna, ƙaramar 'yarki tana tsaye a tsakiyarsu riƙe da jaririnta. Na fita na faɗa musu abin da likita ya ce, ban rage ko kalma ba. Babbansu ya jefar da tasa ya take. Wani ya juya mini baya ya ci gaba da zuƙa.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da maigidanki, da 'ya'yanki uku, da duk wanda kika taɓa share wa hawaye. Mu da muka rage, Allah ya ba mu bakin magana tun mutum yana da rai. Amin.