Baffa Mu'az da Injin Motar Miga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris, 2001, muna cikin watan babbar salla, Allah Ya karɓi ran ƙanen mahaifina, Malam Mu'az bakanike, a gidansa da ke Takur, Dutse.

Baffa, kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ka kai ni makaranta har na zama ungozoma a Miga. Kiwo ka tashi da shi. Da annoba ta cinye shanunku, ka je Kano ka koyi gyaran mota, ka dawo Dutse lokacin da aka yi sabuwar jiha. Direbobi sun san ka da abu guda: ba ka sakin mota sai kunnenka ya yarda da ƙarar injinta.

A daminar bara na zo maka da kuka. Wata baiwar Allah, Maijidda, naƙuda ta yi mata gardama, muka ɗauko ta a tsohuwar a-kori-kurar ƙungiyar garinmu. Motar ta kafe a rairayi, injin ya yi ta gurnani ba ƙarfi. Kafin maza su turo ta, Maijidda ta cika a kan cinyata, da abin da ke cikinta. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce a kawo maka motar.

Da ka kwance injin, ka zaunar da ni ka yi mini bayani kamar ni ma bakanikiya ce. Ka nuna mini karanshaf, wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ke juyawa yana tura fistin sama da ƙasa. Ka ce za ka sa wanda ya fi shi zurfin lanƙwasa, don fistin ya ƙara nisan tafiya, injin ya sami ƙarfin ja. Amma ka ce bulok, wato gangar jikin injin, ba kowane karanshaf yake karɓa ba. Sai mazauninsa ya yi daidai, sai an sami gajerun fistin don kada su daki kan inji, sai kuma sandunan fistin sun wuce ba su taɓa bango ba.

Ka samo karanshaf ɗin a Kano. Ya zauna, amma da ka juya shi da hannu, sandunan suka doki bangon bulok. Ka shiga gogar bangon kaɗan-kaɗan, har rannan ƙarfen ya huje zuwa hanyar ruwan da ke sanyaya injin. Abokan sana'a suka ce ka liƙe kawai, ba mai ganewa. Ka ce musu, "Mata masu ciki za ta ɗauka. In ta tsaya a daji, wa zai amsa a gaban Allah?" Ka jefar da bulok ɗin, ka nemo wani mai kaurin bango, ka fara daga farko.

Wajen ɗaga wannan na biyun ne sarƙa ta suɓuce, bulok ya sauka a kan ƙafarka. Ga ciwon sukari a jikinka. Na duba raunin, na roƙe ka ka kwanta a asibiti. Inna Hindatu, matarka, har ɓoye maka makullin gareji ta yi. Ka ce sai ka gama. Kana zaune a kan benci, ƙafa naɗe da tsumma, kana juya karanshaf da hannu kana sauraro. Injin ya tashi bayan kaka. Lokacin ƙafar ta riga ta yi baƙi. Aka yanke ta, amma dafin ya rigaya ya shiga jini.

Ba ka taɓa hawa motar ba. Mako guda kafin rasuwarka na zo na gaya maka mun ratsa wannan rairayin da wata mai naƙuda ba mu tsaya ba, an yi mata aiki a Dutse. Jaririn bai zo da rai ba, amma uwar ta tsira. Ka yi wa jaririn addu'a, sannan ka ce, "Zulaihatu, ki gaya wa direba ya riƙa duba ruwa da baƙin mai kullum. Ba ni nan in gyara."

Na gaya masa, Baffa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Mu'az, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk ran da ya tsira a motar nan ya shiga mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hindatu, da 'ya'yansa Isah da Hadiyya, da abokan aikinsa na gareji, da mutanen Miga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.