Gaton Gero da Munduwa

A shekarar da damina ta sake yaudarar mu, ƴata ta fari ta tashi daga ƙyanda ta ƙi abinci. Muna Tasawa lokacin, maigidana yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sojoji kuma ke rabon jar dawar taimako. Tuwon dawar nan ko babba sai ya daure, balle yarinya mai ɗacin baki. Munduwar hannunta, wadda a da sai da sabulu ake cire ta, ta fara zamewa da kanta. Duk sanda na ji ƙararta a daɓe sai in tsince ta in mayar mata.

Abu ɗaya take kira, gato, wato kek a bakin Faransawa. Kafin ciwon, wata Baturiya da ke koyarwa tare da maigidana ta taɓa ba ta wani mai ɗigo-ɗigon shokola, wato cakulan, shi ne ya zauna mata a rai. Na yafa zane na je wurin matar. Ta faɗa mini yadda ake yi, fulawa da man shanu da sukari kamar za a yi biki, ta kuma ba ni ragowar shokolarta. Ina tafe ina cewa a raina, wannan ai zaƙi ne kawai. To ko ya ƙi ko ya so, sai na mai da shi abinci.

Surukata tana tare da mu, ta baro Baudeta da ɗan ƙunshinta bayan gona ta ƙone. Da ta ga ina kai da kawowa ta ce, "Ke ɗiyar nan, ba ki da ta ido? Ɗiyar hwari ce hwa. Wa ya taɓa ganin uwa na rawar jiki kan ɗan hwari gaban mutane?"

Na ce, "Inna, in ta warke na ji kunyar."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan, kuma ban yi nadama ba.

Na rage fulawa na ƙara garin gero da na soyayyen wake, na daka ƙuli-ƙuli, na fasa ƙwan zabo, dabino ya tsaya a madadin sukari. Na zuba rairayi a gindin tukunya, na ɗora garwashi a kan murfi. Na farko ya fito kamar tubali, har maigida ya ce in ba shi ya toshe ramin ɓera a lakwal. Na biyu ya yi laushi, amma yarinyar ta fi ni wayo. Ta tsince shokolar da farce ta miƙo mini sauran. Na shiga ɗaki na yi kukan haushi, na fito na ɗauki wuƙa, na kankare shokolar ƙanana kamar riɗi. Ta juya gaton, ta duba, ta gaji, ta gatsa.

Tana fara ci gerona ya ƙare, kasuwa kuma babu. Inna ta kwance ƙunshinta ta turo mini ƙwarya, ba ta ko dube ni ba.

Na ce, "Inna, wannan ai iri ne."

Ta ce, "Ni na ƙulle shi, na san ko mi ne ne. Daka."

Da shi na ci gaba. Da shokola ta ƙare na riƙa ƙona gutsin dabino ya yi baƙi-baƙi, ba ta gane ba, ko kuma ta gane ta ƙyale ni.

Wata safiya ina mata wanka na ja munduwar ta ƙi fita. Na sake ja, ta tsaya cak a wuyan hannu. Inna tana zaune a tabarma tana kallo. Ta miƙo mini sabulu ta ce, "To, ta warke. Sai ki ji kunyar taki."

Na ba ta yarinyar ta ƙarasa wankan, na koma bakin murhu na juya musu baya kamar ban san ɗiyar wa ce ba, hawaye na zuba a kan murfin tukunya.