Rigar Rawar da Na Turara

Ni 'yar tela ce, a gindin keken ɗinki na tashi a Kano. Don haka ranar da 'yata ta dawo daga makaranta da takarda, wai kowace yarinya ta zo da siket ɗin bale, rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, ko a jikina. Sunan da suke kiran siket ɗin kuwa ba zan rubuta ba, Bahaushe ya ji sai ya toshe hanci. Lokacin muna Manchester, a wani flat a gidan bene bayan Oxford Road, maigidana yana aikin asibiti. Na sayo yadin raga, na tattare, na ɗinke a yini guda. Yarinya ta saka, abu ya zubo mata har gwiwa kamar gidan sauro.

A matakala muka ci karo da tsohuwar Baturiyar da ke zaune a ƙasanmu. Shekara guda muna gidan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ta kama bakin siket ɗin da yatsu biyu ta ce, "Wa ya yi wannan ɓarna?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce ni ce, kuma ubana tela ne.

Ta ce, "To ubanki bai taɓa ɗinka irin wannan ba. Sauko da shi."

Na sauka ne don in ga iyakar iyawarta. Ashe tun tana budurwa har ta tsufa, kayan 'yan rawa take ɗinkawa. Ta warware aikina kaf, ta nuna mini yadda ake jera ragar falle-falle, kowane falle ya ɗara na ƙasansa tsawo, sannan a bi da zare a ɗaure su sako-sako. Siket ya miƙe tsaye. Na haɗiye fushina na ce, "Iya, na yarda." Ta tambayi ma'anar Iya, na gaya mata, ta ce ta karɓa.

Daga nan kusan kullum da hantsi ina ɗakinta. Ta ce bayan yaƙin duniya na biyu ta fara koyo, lokacin yadi sai da katin rabo na gwamnati. Da auduga shara-shara suke yi, su tsoma a sitaci, in ta ƙare su yanka tsohon labule. Siket ɗin zamanin yana da laushi, yana ɗan rusunawa, mai rawa ta tsaya shi bai gama tsayawa ba. Sai nailan ya shigo, ba ruwansa da sitaci, ga tauri. Masu shirya rawa suka ce ƙafa suke so a gani, aka dinga ragewa, aka zura waya a ciki, siket ya koma kamar faifai a ƙugu. Daga baya ma wasu suka jefar da shi, sai wata riga mai kama jiki tun daga wuya har idon sawu. Na ce, "Iya, mu ma haka ne. Rigar mahaifiyata mutum biyu za su shige, ta 'yan matan yanzu sai an riƙe numfashi." Ta yi dariya har da tari.

Akwai rigar rawa guda ɗaya da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado cikin farin zanen gado. Ita ce rigar farko da ta ɗinka da hannunta, falle goma sha biyu. Biyar na ƙasa auduga ne tun na asali. Bakwai na sama an sa ta ta cire ta maye da nailan lokacin da yayi ya canza, kuma har ta tsufa ba ta huce ba.

Shekara huɗu muna haka, sai maigidana ya samu aiki a unguwar Edgbaston ta Birmingham, muka tashi za mu koma can. Idon Iya ya riga ya dushe, ana shirin kai ta gidan kula da tsofaffi. Ranar sallama ta miƙo mini rigar ta ce ɗinkin gefe ya buɗe, in gyara in kawo mata da kaina. Na duba. Zaren bai tsinke ba, bai ruɓe ba, an zare shi ne tsaf, huda bayan huda. Na lura, amma hankalina yana kan kwalayen kaya, ban tsaya tunani ba.

A makon farko na ɗinke, aikin rabin sa'a. Kaiwar ce ta gagara. Small Heath, unguwar da muka sauka, ta haɗiye ni: yau suna, gobe ta'aziyya, jibi makarantar yara, ga 'yan'uwa ta ko'ina ana Hausa har a shagon nama. Wata takwas rigar tana saman kwaba. Kunya nake ji in faɗa, amma haka aka yi. Sai da wata ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta bugo waya ta ce tsohuwa tana tambaya ko an gama gyaran.

Na sauko da rigar ranar Juma'a, na ji tana warin ajiya. Haba, ina ni ina mayar wa mutum kayansa da wari? Na kunna gawayi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, wanda yayata ta aiko mini daga gida, na kifa kwando na shimfiɗa rigar a kai, kamar yadda nake yi wa atamfofina. Na leƙa kicin duba miya. Ƙararrawar hayaƙi ce ta dawo da ni a guje. Innalillahi! Ashe a birkice na ɗora ta, nailan ɗin yana kallon wuta. Ya ƙanƙance, ya dunƙule, ya yi baƙi kamar leda a murhu, rami ya ratsa duka bakwai ɗin. Audugar kuwa ko gezau. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Washegari na hau jirgin ƙasa da ita a cinya. Tun daga Birmingham har Manchester ina shirya ƙarya ina rushewa.

Na sami Iya a kujera kusa da taga, ta rame. Kafin in yi magana ta ɗaga kai ta shaƙi iska. Ta ce, "Kin zo. Tun da kuka tashi matakalar gidan can ba ta sake ƙamshi ba."

Na durƙusa na ce, "Iya, na ci amanarki. Na ƙona miki riga."

Ta karɓa ta dinga lalubawa. Ta fara bin gefen da na ɗinke, ta gyaɗa kai. Sannan yatsunta suka faɗa ramin, suka tsaya a kan audugar. 

Ta ce, "Falle nawa?"

Na ce bakwai.

Sai na ga tana murmushi. Ta ce, "Wannan ba aikin rabin sa'a ba ne, 'yata. Da auduga za mu mayar, kuma ba ki iya ba. Falle ɗaya duk zuwa, a gabana."

A lokacin na gane wanda ya zare zaren nan, da dalilin zare shi.

Na dinga zuwa duk Asabar ɗin farkon wata, da yadi da sitaci a jaka. Ina ɗinki tana lalube tana faɗa, wai tattarata ta yi yawa, wai hannuna nauyi gare shi. Ni ma ba na raga mata. Mun gama falle huɗu, ta rasu kafin na biyar.

Yanzu 'yar tawa tana jami'a a Manchester. In na je ganinta bas ta bi Oxford Road, ina kallon kwanar tsohon layinmu har mu wuce, ina kewar Iya. Rigar tana ɗakina a rataye, kai ƙasa, yadda ta koya mini. Yadin falle ukun da suka rage yana nan a yanke. Na iya yanzu, kwana biyu ya ishe ni in gama. Shekara shida ke nan ban zura allurar ba.