Sawu a Kan Raɓa

Wadda ta fara ba ni labarin takalmi mai ƙusa matar yayana ce. Shi yayan nawa, da za ki kwana kina tambayarsa, abin da zai ce miki bai wuce “Allah ya rufa asiri” ba. Ita kuwa bakinta ba ya ajiye komai, balle ga ƙanin miji. Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kada ki gyara mini magana.

Yayana ana ce masa Raɓa. Sunan ya samo shi ne a wurin aiki. Shekara arba’in da uku ya yi a kulob ɗin masu wasan golf, wasan nan da manya ke buga ƙaramar farar ƙwallo da sanda, su bi ta da ƙafa har ta faɗa rami. Ramukan goma sha takwas ne, kowanne an kewaye shi da wata ciyawa mai laushi da ake aske wa kamar kan jariri. Ita suke kira girin, ita ce kuma aikin yayana. Kullum gari na wayewa zai ɗauki wata doguwar gora ya bi girin ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓe raɓar da ta kwanta, don in aka bar ta rana ta same ta, ciyawar ciwo take kamawa. Tun bai yi gemu ba yake wannan, har gemun ya yi fari.

An ba shi ɗaki biyu a bayan rumfar injuna, can ƙarshen fili, dab da rami na goma sha huɗu. Nan ya yi aure, nan aka haifi ’ya’yansa biyar. Matarsa takan ce da ni, “Yayanka bai taɓa shafa kan ɗansa yadda yake shafa ciyawar nan ba.” Shi kuma ya ce, “Ai ɗan ba ya bushewa in na manta da shi.”

Babban abokin gabarsa a duniya takalmin ’yan wasa ne. A da duk takalmin golf ƙusoshin ƙarfe ne a ƙasansa, wai don kada mutum ya zame. In rana ta yi aka gama tattake girin, sai ki gan ta kamar rariya. Raɓa ya bi da ɗan cokalinsa a durƙushe yana ɗaga ciyawa rami-rami, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Da kwamitin kulob ya zauna ya kafa allo a babbar ƙofa, ya ce ba wandon jins, ba riga marar kwala, ba takalmi mai ƙusar ƙarfe sai mai roba, yayana ranar har waƙa ya yi a banɗaki. Matarsa ta ce ta zaci wani ne ya shigo musu gida.

Shekara ta zagayo, girin goma sha bakwai suka yi kyau kamar darduma. Ta goma sha huɗu kuwa, wadda ke bakin ƙofarsa, ita ta fara lalacewa. Kullum da hantsi sai a tarar da ’yan huje-huje, ga kuma wasu dogayen karce kamar kaza ta yi tono.

Manajan lokacin sabo ne, sa’an ɗan Raɓa na fari. Ya zo ya tsaya a kan girin da hannu a aljihu.

“Baba, wannan fa?”

“Ranka ya daɗe, ƙusa ce.”

“Wace ƙusa? Mai gadi yana duba takalmin kowa a ƙofa, har ƙasansa yake juyawa. Ko dai injin askin ciyawarka ne ya dakushe, ko idonka. Gasa saura sati uku. In ba ta warke ba kafin nan, ka kawo mini makullai, mu nemo mai jini a jika.”

Makullan kuwa har da na ɗakin nan biyu. Mutum ya haura sittin, ga iyali, ina za shi?

Raɓa ya wasa injin da ba ya bukatar washi. Ya zuba maganin tsutsa. Ya ɗaura tsumma a sanda don korar tsuntsaye. Ya ƙara sammako, tun ana ganin mutum duhu-duhu ya kakkaɓe ta goma sha huɗu, ita ce farko kamar yadda ya saba tunda tana ƙofarsa, sannan ya nausa sauran filin. In ya dawo bayan awa biyu, ɓarna sabuwa fil. Ya daina cin abinci sosai. Wuyansa ya fito.

Rana ta goma matarsa tana shara a tsakar gida, ta tsaya ta dafa ƙugu.

“Malam, ni ko kafin in sa tsintsiya sai na duba ƙasa na ga abin da ya ratsa. Kai kuma kullum kana goge allon kafin a yi rubutun.”

“Wane allo kuma?”

“Raɓar mana. In ka kakkaɓe ta, wanda ya zo bayanka a kan me zai bar sawu? Bar ta gobe. Ka fara daga can, ka ƙare a nan.”

Ya dube ta kamar ta ce ya bar jariri a rana. “In bar raɓa a kan girin marar lafiya? Shekara talatin da bakwai ban taɓa ba.”

“To ka cika ta talatin da takwas a gidan ƙaninka, shi da ko tabarmar baƙo ba shi da ita.”

Ni ke nan ta taɓa, ina zaune lafiya a gidana.

Washegari ya ɗauki gorarsa ya wuce ta goma sha huɗu bai dube ta ba, ya ce ji ya yi kamar ya wuce mahaifiyarsa bai gaishe ta ba. Da ya zagayo, rana ta ɗan ɗago, sai ga labari a rubuce a kan farar raɓa. Sawun ƙafar dama daram, da huje-hujen ƙusa. Ta hagu kuwa ba ta ɗaguwa, jan ta ake yi, ita ke yin karcen. Sawun ya fito daga wata ’yar ƙofa da ke jikin shinge, ya zagaya ramin sau da yawa, ya koma inda ya fito.

Raɓa ya zauna a ƙasa. Ya san mai makullin wannan ƙofar mutum ɗaya ne, wani tsohon likita da gidansa ke bayan shingen, cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, tun daga nan ba wanda ya ƙara ganinsa. Kuma wannan likitan ne, ranar da inji ya cafke wa Raɓa yatsu biyu, ya jefar da sandar wasansa ya ɗauke shi a motarsa, ya ɗinke su da hannunsa.

Matarsa ta ce, “Ka tafi ofis yanzu ka faɗa.”

Ya ce, “Da yatsun da ya ɗinka zan nuna shi?”

Da safe ya laɓe bayan rumfa. Can sai ’yar ƙofa ta yi ƙara. Likita ya shigo a hankali, sanda ɗaya, ƙwallo uku a aljihu, rigarsa mai kwala a goge tsaf, yana jan ƙafa. Raɓa ya fito ya rusuna.

“Ranka ya daɗe, barka da asuba.”

Likita ya firgita, sannan ya yi dariya da rabin baki. “Raɓa! Ka kama ɓarawo. Kada ka gaya wa kowa, ba na so su gan ni ina tafiya kamar kaguwa.”

“Ranka ya daɗe, ba kai na kama ba, takalminka na kama.”

Ya durƙusa ya nuna masa. Likita idonsa ya yi rauni, sai da ya sa tabarau ya dafa kafaɗar Raɓa ya sunkuya. Ya daɗe yana kallo.

“Ni na yi wannan?”

“An hana ƙusa tun bara. Yana rubuce a allon babbar ƙofa.”

“Ina na ga babbar ƙofa? Ni da ke shigowa ta baya kamar akuya. Ƙusar nan ita ke riƙe ni, in ba ita ba faɗuwa zan yi.” Ya ɗago kai. “Wa aka ɗora wa laifin?”

Likita ya dubi wuyan Raɓa da ya rame, ya ce, “Na gane. Kama ni mu je.”

Ba ta ’yar ƙofa suka bi ba. Suka zagaya har babbar ƙofa, likita yana jan ƙafa a gaban duk wanda ya zo wasan safe. Mai gadi, wanda bai san shi ba, ya tare shi. “Yallaɓai, a ɗaga ƙafa in gani. Kai! Wannan ba ya shiga.”

Likita ya ce, “Madalla, kana aikinka.” Ya zauna a benci, Raɓa ya kwance masa igiya. Likita ya shiga ofis da safa, takalmi a hannu, ya dire su a kan teburin manaja, har da ciyawa a jikin ƙusoshin.

“Ga injin da ya dakushe, ɗana. Ga kuma idon da ya mutu, nawa ne. In akwai wanda za a karɓi makulli a hannunsa, ga nawa.”

Manaja ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ce, “Baba Raɓa, a yi haƙuri.” Yayana ya ce, “Ba komai, ranka ya daɗe,” ya fita waje, ya jingina da bango. Da ya isa gida, matarsa ta ce kwano biyu ya tashi da shi, ya yi barci da rana har da minshari, abin da bai taɓa yi ba.

Ba a karɓi makullin kowa ba. Raɓa da kansa ya kwance ƙusoshin ya ɗaura na roba. Kullum da safe ya jira a ’yar ƙofa, likita ya dafa kafaɗarsa su taka tare, in ƙafar hagu za ta ja sai ya ɗan tallafe shi. Girin ta warke saura kwana huɗu gasa. Raɓa ya ƙara shekara shida a aikin, ya ajiye don kansa, ɗansa na biyu ya karɓi gorar da ɗakunan.

Ƙusoshin kuwa, likita ya ce a adana masa su, takalmin kyautar marigayiya matarsa ce. Raɓa ya zuba su a gwangwanin madara. Ashirin da biyu ya kamata su zama, ya ƙirga ashirin da ɗaya. Ya ce ba zai mayar da kayan mutum da giɓi ba, ɗayar tana cikin ta goma sha huɗu, sai ya nemo ta. Yana cikin nema ’yar likitan ta zo ta ɗauke mahaifinta zuwa wajenta. Da yayana ya kwanta ciwon ajali, ya miƙo mini gwangwanin ya ce in kai wa ’yar, in ce mata ɗaya ta ɓace, a yafe.

Ga shi can ƙarƙashin gadona, bayan akwati. In kin rufe littafin ki jawo shi, ki goge ƙurar. Ɗan yayana ya ce mai gadin kulob ya san unguwar da take. Ki tuna mini ranar Asabar, in ƙafata ta yarda, mu je mu tambaye shi.