Mai Koyon Sauraro

Muna cikin motar Gwaram daga Birnin Kudu, wata mata mai hijabi ruwan toka tana rungume da jakarta. Tsohuwar da ke gefenta ta tambaye ta sana'arta.

"Digiri na biyu nake yi, Inna. Sauraron masu damuwa ake koya mana."

Sai tsohuwa ta shiga zayyano mata mutuwar shanunsu da rashin barcinta. Matar tana gyaɗa kai kawai, ko sau ɗaya ba ta ce "sai haƙuri" ba. Tsohuwa ta sauka tana sa mata albarka.

Yanzu matar ta ciro waya, tana ta duba sunaye, ba ta kira kowa ba. Ina jin ita kam idan ta fara faɗin tata damuwar, "sai haƙuri" ake ce mata.